Sai an gwada akan san na ƙwarai: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Sakataren Hukumar TETFund

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ana lafiya, da kai da ma'aikatan hukumarka baki ɗaya. Ni malami ne a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa, ina koyar da ilimin yadda magani ke aiki a jikin mutum, kuma na daɗe da alli a hannu. Ban saba rubuta wa manya takarda a bainar jama'a ba. Abin da ya sa na yi yau, kuma da Hausa, shi ne kuɗin da hukumarka ke raba wa jami'o'i na jama'a ne, maganar da ke bakina kuwa ta shafi tsohuwar da ke haɗiyar ƙwayar hawan jini kullum safiya, da yaron da ciwon sikila ke hana barci. Ya kamata a yi ta a gabansu.

Kwanakin baya wata jami'a ta gayyace ni in duba kundin digiri na biyu na wata ɗaliba. Aikin nata a kan zogale ne da hawan jini. Ta tattaro sunayen sinadaran da ke cikin ganyen daga intanet, ta ɗauko hoton wani furotin da ke jikin jijiyoyin jini, ta sa kwamfuta ta gwada ko sinadaran za su zauna a cikin ramin furotin ɗin. Kwamfuta ta ba ta maki, ta zana hotuna masu launi kamar atamfa, ta rufe kundin da cewa ɗaya daga cikin sinadaran ya fi maganin da ake sayarwa a kemis ƙarfi. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin sinadarin da idonta, ko da gari ne a ƙasan kwalba. Ta ce a'a. Na ce ko akwai inda za a ɗiga shi a kan ƙwayar jiki mai rai a ga abin da zai faru. Ta dubi malaminta, malamin ya dubi ƙasa.

Yarinyar ba ta da laifi, kai, tana da kaifin ƙwaƙwalwa fiye da yadda nake da shi a shekarunta. Malamin ma ban ga laifinsa ba, don na san halin da ɗakin gwaje-gwajensu yake ciki, irin namu ne. Wannan gwajin dacewa na kwamfuta, wanda ɗalibanmu ke kira dokin da harshen boko, ya zama abin hawan kowa, saboda ba ya cin komai sai kwamfutar cinya da data. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Namu dokin yana ta sukuwa a cikin mujallu, ana ƙirga shi wajen ƙarin girma, amma bai taɓa kai kowa bakin asibiti ba. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, kowane taro sai an ambace ta, kuma na tabbata takardun neman tallafi masu ɗauke da sunanta sun fara taruwa a teburinka. Shi ya sa na ga gara in yi magana tun kafin a raba kuɗin.

Ka yi mini haƙuri in ɗan koma aji, saboda masu karatu da ba fanninsu ba ne. Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace a nannaɗe da wani siririn tantani na maiƙo wanda ya raba cikinta da waje. Ka ɗauke ta kamar gidan Bahaushe mai katanga. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, yaro ya ruga ciki ya ce wai ana sallama da maigida, sai cikin gida ya motsa, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa. Haka saƙonnin jiki suke yi. Sinadarin da ke tashi idan mutum ya firgita ba ya shiga cikin ƙwayar zuciya. Yana tsayawa ne a wani furotin da ke kafe a cikin tantanin, kansa a waje ƙafarsa a ciki, ya zauna a raminsa. Furotin ɗin ya ɗan murɗa jiki, wani furotin na ciki ya ɗauki saƙon ya ruga, sai zuciya ta ƙara bugu. Wannan zauren shi nake kira makarɓi. Magani kuwa ɗaya ne cikin biyu: ko dai ya yi shigar baƙon ya yi sallama a madadinsa, ko ya baje a zauren ya hana baƙon gaskiya wurin zama.

Dangi mafi girma a cikin makarɓan nan su ne waɗanda masana ke taƙaita sunansu da GPCR, masu ratsa tantanin sau bakwai kamar zaren ɗinki. Mutum yana da kusan 800, wajen rabinsu aikinsu jin ƙamshi da wari ne. Wani lissafi da aka buga a 2017 ya nuna cewa kimanin kashi 34 cikin ɗari na magungunan da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da su a kan wannan dangi suke aiki, amma makarɓai ɗari da 'yan kai kawai suka taɓa. Duk wanda ya leƙa kemis a Sabon Gari ko Tudun Wada ya gan su ko bai sani ba. Salbutamol da mai asma ke shaƙa, losartan da atenolol na hawan jini, cimetidine na gyambon ciki, piriton na mura da ƙaiƙayi, oxytocin da ake yi wa mai jego don tsayar da jini, har da tramadol da kodin da suka lalata mana yara, duk zaure suke nema. Sauran ɗaruruwan zaurukan da ba a taɓa ba su ne dajin da kamfanonin duniya ke farauta a ciki yanzu.

Shekara da shekaru an yi wannan farauta ne a makance. James Black, wanda ya samar da propranolol a shekarun 1960 da cimetidine a shekarun 1970, ya kuma ci kyautar Nobel a 1988, bai taɓa ganin siffar makarɓin da yake nema ba. Guntun naman dabba yake ratayewa a cikin kwalba mai ruwan gishiri, ya ɗiga sinadari, ya duba yadda naman ke motsi. Irin wannan kwalbar tana nan a tsangayoyinmu, da ita aka koya mana aiki da hanjin ɓeran Masar, sai dai a wurare da yawa ƙura ta rufe ta. Ganin siffar ya yi wuya ne saboda furotin ɗin cikin maiƙo yake rayuwa, da an ciro shi sai ya lalace, kamar kifi a tudu. Brian Kobilka yana cikin waɗanda suka gano ƙwayar gadon makarɓin da salbutamol ke kamawa a 1986, a ɗakin gwajin Robert Lefkowitz, amma sai a 2007 aka ga siffarsa, sai kuma a 2011 aka ɗauki hotonsa riƙe da yaron aiken nan na cikin gida. Shekara 25 a kan zaure guda. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 2012.

To a nan ne ƙirƙirarriyar basira ta yi abin a zo a gani, kuma ba na cikin masu raina ta. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind da ke Landan ta nuna cewa za ta iya hasashen siffar furotin daga jerin tubalansa kawai, da daidaiton da ya kusa na gwajin ido da ido. Zuwa Yulin 2022 sun zuba siffofi sama da miliyan 200 a intanet, kyauta. Demis Hassabis da John Jumper sun samu kyautar Nobel ta 2024 a kan haka, tare da David Baker mai ƙera sababbin furotin da kwamfuta. Abin da Kobilka ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai, yau ɗalibi a Samaru ko Dundaye zai sauke kwatankwacinsa a wayarsa kafin shayinsa ya huce. Amma mu tuna daga ina manhajar ta koyi karatu. Daga rumbun siffofin da mutane suka gano da hannunsu ne, wanda aka fara tarawa tun 1971. Kuma hoto ɗaya take bayarwa a tsaye cik, alhali makarɓi abu ne mai motsi, siffarsa idan yana barci daban, idan an yi masa sallama daban.

Aikin da nake so kwamitocinka masu tantance takardu su karanta shi ne wanda ƙungiyoyin Brian Shoichet na San Francisco da Bryan Roth na North Carolina suka buga tare da abokan aikinsu a 2019. Sun sa kwamfuta ta gwada sinadarai miliyan 138 a kan makarɓin D4 na ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne dokin ɗin da ɗalibata ta hau, sai dai nasu ingarma ne. Bambancin yana ga abin da suka yi bayan nan. Sun zaɓi wasu 'yan ɗaruruwa, kamfanin Enamine da ke Yukiren ya haɗa musu 549 a zahiri, suka gwada kowane ɗaya a kan makarɓin gaske. Mafi yawansu ba su kama ba. Ko cikin waɗanda kwamfuta ta fi yabo, waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka ci yawa nesa ba kusa ba. Amma daga ragowar suka fitar da sababbin nau'o'i 81 da ba a san su ba a da. A 2024 mutanen nan suka sake irin wannan aiki, a wannan karon da siffofin AlphaFold, har da na wani makarɓin serotonin, wani sinadarin saƙo na ƙwaƙwalwa, suka tarar cewa abin da aka samu ya yi kusa da wanda ake samu da siffar da aka gano a ɗakin gwaji. Labari ne mai daɗi ga irinmu da ba mu da na'urar ɗaukar hoton furotin ta miliyoyin daloli. Amma ta yaya suka san haka? Sun haɗa ɗaruruwan sinadarai sun gwada. Kwamfuta mai tankaɗe ce, tana rage tsaki, ba ta tuƙa tuwo.

Ko bayan an gwada ma da sauran rina a kaba. A farkon 2020 kamfanin Exscientia na Ingila da Sumitomo na Japan suka sanar da DSP-1181, wanda aka yi ta yayatawa a matsayin maganin farko da ƙirƙirarriyar basira ta tsara da ya kai ga gwaji a jikin mutane. Makarɓin serotonin yake nema, kuma an tsara shi cikin ƙasa da shekara guda, aikin da kan ci shekara huɗu ko biyar. Bai wuce matakin farko na gwajin ba aka ajiye shi. Akwai kuma PZM21, wanda aka zaƙulo da kwamfuta a 2016 daga sinadarai sama da miliyan uku, da fatan zai kashe zafin ciwo kamar mofin ba tare da danne numfashi ba. Da wasu masu bincike suka sake gwada shi a kan ɓeraye, sai suka ga shi ma yana dannewa. Har gobe, cikin kowane magani goma da suka shiga gwajin mutane, kusan tara ba sa kai wa kanti. Don haka duk wanda ya kawo maka takarda yana alkawarin sabon magani cikin shekara biyu saboda yana da ƙirƙirarriyar basira, ka ba shi ruwa ya sha, ka tambaye shi inda firizar ɗakin gwajinsa take.

Wani zai ce to mu bar wa Turawa da Sinawa mana, tunda sun fi mu kuɗi da kayan aiki. Da zan yarda da haka in da zaurukanmu da nasu iri ɗaya ne, kuma in da cututtukanmu suna gabansu. Ga misali ɗaya da nake ba ɗalibai duk shekara. A jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai makarɓin da ake kira Duffy, shi ma mai ratsa tantani sau bakwai ne. Ta nan nau'in zazzaɓin cizon sauro mai suna vivax yake shiga. Galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu sam, abin da ya sa wannan nau'i bai yi ƙarfi a wurinmu ba kamar yadda ya yi a Indiya. Wato akwai zauren da yake a gidan Bature da Ba'indiye, mu namu gidan an toshe shi da laka tun kaka da kakanni. Nau'in da ke kashe mana yara, falciparum, wata ƙofar yake bi, kuma a 2011 aka gano a Ingila cewa dole sai ya kama wani furotin mai suna basigin kafin ya shiga. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya. In akwai ƙasar da ya kamata ta sa ido a kan wannan ƙofa dare da rana, mu ne.

Hawan jini ma haka. Likitocinmu sun daɗe da lura cewa wasu magungunan da ke aiki sosai a jikin Turawa ba sa sauke jinin baƙar fata yadda ya kamata idan an ba da su su kaɗai. A 2019 wani gwaji mai suna CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida da mutum sama da 700, ya nuna cewa haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi sauke jini. Wannan amsa ba daga kwamfuta ta fito ba, daga hannun marasa lafiya ta fito. Kuma manhajar da za ta yi hasashe a kan jikinmu da me za ta koya? A manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba. Da shirin H3Africa ya karanta kundin gadon mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, har da Birom na Filato, a 2020, sai da aka ga bambance-bambance sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba.

Sikila ba sai na yi dogon bayani ba, kowane gida ya san wani. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a ƙasar nan duk shekara. Crizanlizumab, allurar da aka yi don hana ƙwayoyin jini manne wa bangon jijiya, ta samu amincewar Amurka a 2019, amma a 2023 Tarayyar Turai ta janye tata amincewar bayan babban gwaji ya kasa nuna amfaninta. Yaranmu kuwa suna nan da allurar penta ta kashe zafin ciwo, wasu har ta zame musu jaraba. Maganin zafin ciwo da ba ya kama mutum, wannan tambaya ce ta makarɓi tsantsa. Sai saran maciji. A Janairun 2025 ɗakin gwajin David Baker da abokan aikinsu na Denmark suka ba da rahoton ƙananan furotin da suka ƙera da ƙirƙirarriyar basira, masu cafke dafin dangin gamsheƙa kafin ya toshe makarɓin da ke tsakanin jijiya da tsoka, kuma galibin ɓerayen da aka yi wa gwajin sun tsira. Abin sha'awa ne. Sai dai manomin da ake kaiwa asibitin Kaltungo a kan babur galibi kububuwa ce ta sare shi, ita kuwa dafinta jini yake tsinkawa, wata hanya ce daban. Wa zai zauna ya yi na kububuwa in ba mu ba?

Ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo. Kada a watsa kuɗin a jami'o'i hamsin, kowace ta sayi kwamfutoci ashirin, ta kafa allo mai ɗauke da sunan cibiyar ƙirƙirarriyar basira, a yanka kyalle a watse. Ƙarfin kwamfuta yau hayarsa ake yi ta intanet, manhajojin kuma da yawansu kyauta ne. Abin da ba a saukewa daga intanet shi ne ɗakin gwaji. A zaɓi wuri ɗaya, in an yi yawa biyu, a kafa ɗakin da aikinsa kawai shi ne karɓar sinadari daga kowace jami'a a ƙasar nan, a gwada shi a kan makarɓai masu rai, a mayar da amsa cikin makonni. Kayan da ake bukata ba na almara ba ne: ɗakin renon ƙwayoyin jiki mai tsabta, na'urar karanta faranti mai ramuka 96 ko 384, firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili, tukunyar ruwan naitirojin, da na'urorin da ke tabbatar da cewa abin da ke cikin kwalba shi ne abin da aka rubuta a jikinta. Ɗakin gwajin Roth ma ya fitar da wani tsari tun 2015 mai ɗauke da makarɓai sama da 300 na dangin GPCR, wanda jami'o'i ke iya saya. Kafin duk wannan kuwa, wuta. Sola da batura waɗanda za su riƙe firiza ko da an kwana uku babu lantarki. Ni da kaina na taɓa rasa aikin wata takwas a daren Juma'a guda, man janareta ya ƙare, mai mabuɗin sito ya tafi ƙauye biki. Ranar Litinin na buɗe firiza na tarar da ruwa. Ban sake renon ƙwayoyin jiki ba tun daga ranar, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Gini da na'ura su ne masu sauƙi, don ana ganinsu ana ɗaukar hoto. Masu wuyar su ne ƙananan abubuwa. Ma'aikacin ɗakin gwaji da ya iya hannunsa ya fi farfesa uku amfani a irin wannan wuri, amma shi ne wanda ba a tura shi horo, ba a jin muryarsa a taro, ƙarshe ya tafi Saudiyya ko Ingila. A sa albashinsa da horonsa a cikin tallafin. A sa kuɗin gyaran na'ura na shekara biyar tun ranar saye. A kuma zauna da hukumomin tashar jiragen sama a samo hanyar da kayan gwaji masu zuwa cikin busasshiyar ƙanƙara za su fita cikin kwana ɗaya ko biyu, domin ƙanƙarar ba ta san ana jiran sa hannun wani ba. Tallafin kuma ya zama na shekara biyar ko fiye. Wanda aka ba wata goma sha biyu ba zai yi komai ba sai abin da ya tabbata zai fito a mujalla, wato dokin.

Sharaɗi biyu kawai zan so a gindaya. Duk takardar neman tallafi da ta ambaci gwajin kwamfuta, ta faɗi inda za a samo sinadarin a zahiri da inda za a gwada shi, in babu a mayar wa mai ita ya gyara. Sannan duk sakamakon da aka samu da kuɗin hukumarka a zuba shi a rumbu ɗaya buɗaɗɗe, har da wanda bai yi aiki ba. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Manhaja ba ta koyon bambance mai kyau da marar kyau sai ta ga duka biyun, mu kuwa al'adarmu ita ce mu buga nasara mu binne faɗuwa. A kundayen da ke jibge a ɗakunan karatunmu kusan kowane ganye yana maganin kusan kowace cuta. In ka ciyar da manhaja da wannan, za ta koyi cewa komai magani ne. Masu harhaɗa sinadarai sun daɗe da sanin cewa wasu sinadaran tsirrai, irin curcumin na kurkum da quercetin da ke cikin zogale da albasa, suna da halin nuna alamar ƙarya a gwaje-gwaje iri-iri. Sinadarin da ɗalibata ta ɗora wa rawani ɗan wannan gida ne.

Ba mafarki nake yi ba, an yi a nahiyar nan. Farfesa Kelly Chibale, ɗan Zambiya, ya kafa cibiyar binciken sababbin magunguna ta H3D a Jami'ar Cape Town a 2010. Daga can aka fitar da MMV390048, maganin zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga gwaji a jikin mutane. Sun shafe shekara goma suna gwada sinadarai suna adana sakamako, mai daɗi da marar daɗi, sannan suka haɗa kai da ƙungiyar Ersilia suka horar da manhajoji a kan bayanan nasu, aikin da aka buga a 2023. Ka lura da jerin: ɗakin gwaji ya riga manhaja. Mu ma muna da tushe. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta taɓa fitar da Niprisan na sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, har Amurka ta ba shi rajistar mallaka. Abin da ya biyo baya wajen sarrafa shi da sayar da shi darasi ne na daban, amma ya nuna ilimin yana nan. Ga cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ACEGID a Ede, wadda ta fara karanta kundin gadon ƙwayar korona a Afirka a Maris na 2020. Ga cibiyar cututtukan da aka yi watsi da su a Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken ciwon sammore a Kaduna. Wace ce za ta karɓi ɗakin da nake magana, wannan ku ne da ita. A bar shi ga wanda ya nuna zai iya riƙe wuta da ma'aikata, ba a raba shi kamar naman layya ba.

Na san abokan aikina na tsangayoyin harhaɗa magunguna ba duka za su ji daɗin wannan takarda ba, don da yawanmu da irin waɗannan mujallu muka hau matakin da muke kai, har da ni mai maganar. Ban ce a daina koyar da gwajin kwamfuta ba. A ƙara ma, a koya wa yara lissafin da ke ƙarƙashinsa, su san abin da makin yake nufi da abin da ba ya nufi.

Ɗalibar nan na sa mata hannu ta ci jarrabawarta, bayan ta goge jimlar ƙarshe ta rubuta cewa hasashe ne da ke jiran gwaji. Da muka fito ta biyo ni har bakin mota ta ce, Malam, to in na samo sinadarin, ina zan kai shi? Na ce mata zan tambaya. Tambayar ke nan na kawo gabanka.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Naka,
Wani malamin ilimin magunguna daga Arewa